ZAKARA NE KO KAZA? YADDA ZA MU GANE TUN SUNA TSAKI

Jawabin da kwamitinmu na kiwo da sana'o'in gida ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan





Da aka ce yau kwamitinmu zai yi magana a kan 'yan tsaki, mun ga wasu sun yi murmushi. Mun san abin da ke ransu: duk matsalolin da ke gabanmu, a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai ɗan tsako? To, a yi mana haƙuri a ji dalili.

Watannin baya wata baiwar Allah daga cikinmu, uwar marayu, ta kwashi adashinta ta ce za ta fara kiwon kajin ƙwai. Ta gamu da wani mai kwali a bakin titi, ya nuna mata tsaki farare tas masu kyan gani, ya rantse mata cewa duk mata ne, wata biyar za ta fara kwasar ƙwai. Ta sayi 30. Ta kunna musu fitila, ta hana idonta barci, ta ƙarar da buhu biyu na abinci a kansu. Da suka yi wata biyu sai ta ga kawunansu duk sun yi ja. Ta kira mu muka je muka duba. Jama'a, ko mace ɗaya babu. Mai kwali kuwa ko ƙurarsa. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma ba ita kaɗai abin ya taɓa faɗa wa ba, sai dai ita ce ta daure ta faɗa, sauran kunya ta hana su. Daga cikinmu 'yan kwamitin nan ma akwai wanda aka taɓa yi wa, ba sai mun nuna shi ba.

DON ME ABIN YA FI DAMUN MU A NAN?

Tun da aka kafa Sabo a 1916, goro da shanu suka zaunar da kakanninmu a garin nan, ba kiwon kaji ba. A gida Arewa mutum na da fili, yana da dusa daga surfen gidansa, kaji su fita su yi kiwo su dawo. In zakaru sun yi yawa babu asara, a bar su har baƙo ya zo. A nan kuwa kun san yadda muke zaune. Gida ɗaya ɗaki goma, kowane ɗaki da iyalinsa. Akurki yana ƙarƙashin matakala ko bayan madafa, kuma duk abin da kaza za ta ci da kuɗi aka sayo shi.

Ku yi lissafi da mu. Kazar gidan gona tana cin abinci kilo 6 zuwa 7 kafin ta kai mako 18, lokacin da ake sa ran ta kusa fara ƙwai. Buhu kilo 25 ne. In mutum ya riƙe zakaru goma yana zaton mata ne, ya zuba musu kusan buhu uku yana jiran ƙwan da ba zai zo ba. Ga faɗa da za su riƙa yi a ɗan wurin da babu sarari, ga cara da asuba a kunnen maƙwabcin da ya kwana wajen aiki. Sau nawa aka kai ƙara gaban mai unguwa a kan zakara?

Kada a ɗauka muna cewa zakara ba shi da amfani. Yana da kasuwarsa, musamman da Sallah, da kuma ƙarshen shekara lokacin da maƙwabtanmu ke bikin Kirsimeti. Abin da muke so shi ne kowa ya san me ya saya, ya biya kuɗin da ya dace da shi, ya kuma yi masa shirin da ya dace da shi.

DAGA INA JINSI YAKE FITOWA?

Kafin mu shiga alamomi, bari mu fara da tushe, don shi zai sa a fahimci sauran.

A jikin kaji akwai wasu ƙwayoyin gado guda biyu da masana suka laƙaba wa haruffan Z da W. Zakara yana ɗauke da Z biyu. Kaza tana ɗauke da Z ɗaya da W ɗaya. Wajen haihuwa zakara ba shi da abin bayarwa sai Z. Kaza kuwa ko ta ba da Z ko ta ba da W. In ta ba da Z a sami namiji, in ta ba da W a sami mace. Watau a wajen kaji daga ɓangaren uwa jinsi yake fitowa, saɓanin ɗan Adam da dabbobi irin su awaki da shanu, inda yake fitowa daga ɓangaren uba.

Abu biyu za mu ɗauka daga nan. Na farko, tun kafin kaza ta saki ƙwai an riga an gama magana. Kwancin kwana 21 da za ta yi, ko zafin injin ƙyanƙyasa, ba ya mai da namiji mace. A wajen kada da kunkurun ruwa ne zafin ƙasa yake yin wannan aiki, ban da kaza. Na biyu, in aka tara ƙyanƙyasa da yawa, maza da mata kusan rabi da rabi suke fitowa. Kaza ɗaya tana iya ƙyanƙyashe goma a sami maza bakwai, wannan ba laifin zakaran gidan ba ne, kada a yanka shi a banza.

ABUBUWAN DA MUKA GADA WAƊANDA BA SU DA TUSHE

A nan sai mun nemi afuwar iyayenmu, don za mu taɓa abin da aka saba.

Ana cewa ƙwai mai tsini zakara ne, mai zagaye kaza ce. Maganar nan tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba mu kaɗai muke da ita ba. Masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, fiye da shekara 2,300 da suka wuce ya rubuta cewa dogon ƙwai mai tsini shi ne mace. Marubutan Rumawa da suka zo bayansa suka ce a'a, dogon shi ne namiji. Kun ga tun can ma ba a daidaita ba. Gaskiyar ita ce siffar ƙwai ta kazar da ta saka shi ce. Kowace kaza da irin ƙwan da ta saba yi, kuma a cikinsa ake samun maza da mata.

Akwai masu rataya allura da zare a kan ɗan tsako, su ce in ta yi zagaye mace ce, in ta yi gaba da baya namiji ne. Hannun mai riƙe da zaren ne yake motsi. Akwai masu kama ɗan tsako ta ƙafa su juya kansa ƙasa, ko su ɗaga shi ta fatar wuya, su ce wanda ya yi fafutuka namiji ne, wanda ya yi lamo mace ce. Wannan ban da rashin tushe har da cutarwa, don ɗan tsako ba shi da ƙwari.

Wani zai ce, "Ai ni na gwada, kuma ya yi daidai." Ba mu ƙaryata ka ba, Alhaji. Amma tunda abu biyu ne kawai, ko namiji ko mace, yaro ma in ya rufe ido ya yi ta canka zai dace a rabi. Kuma halin ɗan Adam ne ya riƙe ranar da ya dace ya manta ranar da ya kuskure. Wanda yake son ya tabbatar, ga hanya mai sauƙi. In kaza ta ƙyanƙyashe, ya yi gwajinsa, ya ɗaura jan zare a ƙafar waɗanda ya ce maza ne, ya rubuta a takarda. Ya riƙa sassauta zaren duk mako don kada ya shige cikin ƙafa. Bayan wata uku ya zo taro ya gaya mana nawa ya ci.

YADDA GIDAJEN ƘYANƘYASA SUKE RABA SU

Allah Ya zaunar da mu a garin da ya yi suna wajen tsakin kwana ɗaya. Ranakun Litinin da Alhamis motoci suke lodi daga Ibadan zuwa Kano da Maiduguri da sauran garuruwa. Saboda haka bai kamata a ce mu da muke bakin rijiya mu ne za mu sha gurɓataccen ruwa ba. Hanya uku suke bi.

Hanya ta farko ita ce duba dubura. Masanan ƙasar Japan ne suka gano ta a shekarun 1920, cikinsu har da Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto, daga baya ta bazu duniya a shekarun 1930. Ana matsa cikin ɗan tsako a hankali ya fitar da kashi, a buɗe wurin a ƙarƙashin fitila mai haske, a nemi wani ɗan ƙullutu da bai kai kan allura mai ɗigo ba. Gwani yakan duba wajen dubu a awa guda, kuma da wuya ya kuskure. Amma kafin ya kai haka ya daɗe yana koyo a hannun malami, tsaki dubbai sun bi ta hannunsa, domin siffar wurin iri-iri ce, wata macen ma tana da abin da ya yi kama da ƙullutun. Muna roƙon samarinmu, kada wani ya ga hoton abin a waya ya ce zai gwada a kan tsakin mahaifiyarsa. Ɗan tsakon kwana ɗaya da sauran gwaiduwa a cikinsa. In ka matsa da ƙarfi ka fasa ta ko ka taɓa hanji, gobe sai gawa.

Hanya ta biyu ita ce duba fiffike. In ka buɗe fiffiken ɗan tsako za ka ga layi biyu na ƙananan gashi masu kamar tsinke. In layin ƙasa ya fi na sama tsawo, mace ce. In tsawonsu ɗaya, ko na sama ya fi, namiji ne. Sai dai a lura da sharaɗi biyu. Wannan yana aiki ne a kwana ɗaya zuwa uku kawai. Kuma yana aiki ne ga irin da aka haɗa da gangan, watau uba mai saurin fitar da gashi da uwa mai jinkirin fitar da shi. A kajinmu na Hausa, da kowane zakara ke bin kowace kaza, ba abin dogaro ba ne.

Hanya ta uku ita ce launi, kuma ita ce ta fi shafar aljihunmu, don haka a kasa kunne. Launin ma yana cikin abin da Z yake ɗauke da shi. Tunda mace daga uba take samun Z ɗinta guda ɗaya, namiji kuwa yana karɓar ɗaya daga uwa, sai masu ƙyanƙyasa suka yi dabara. Suka haɗa jan zakara da farar kaza ta wani iri. 'Ya'ya mata suka ɗauko jan uba, maza suka ɗauko farin uwa. Haka ake samar da jajayen kajin ƙwai irin su ISA Brown. Tun ranar ƙyanƙyasa macen tana da launin ja-ja ko ruwan ƙasa, namijin kuwa fari ne mai ɗan rawaya. Waɗannan mazan su ne 'yan kasuwa ke kira farin kokarel, kuma su aka sayar wa baiwar Allah da muka ba ku labari.

Baƙaƙen ma haka ne. Ana haɗa jan zakara da kaza mai zane-zanen baƙi da fari. Macen da za a samu baƙa ce har kanta. Namijin shi ma baƙi ne, amma da ɗigon fari a tsakiyar kansa, in ya girma kuma gashinsa ya yi zane-zane irin na uwar. Shi ne baƙin kokarel. To duk wanda ya miƙo maka baƙin ɗan tsako ya ce na ƙwai ne, dubi ƙoƙon kansa kafin ka taɓa aljihu.

Akwai fararen kajin ƙwai masu yin farin ƙwai, waɗanda mazansu da matansu duk farare ne, amma ba su ne suka cika kasuwarmu ba. In an ce maka su ne, nemi takardar gidan da aka ƙyanƙyashe su.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: wannan rabuwar launi ta tsaya a kan haihuwar farko. In ka riƙe jar kaza da farin kokarel a gida suka hayayyafa, 'ya'yansu za su fito ja da fari a cikin maza da mata duka. Kada ka ce za ka raba su da launi.

ME YA SA KOKAREL YA CIKA KASUWA?

Duk macen da aka ƙyanƙyashe, an ƙyanƙyashe namiji kusan guda tare da ita. Mai gidan gonar ƙwai ba ya bukatarsa, kuma ba ya saurin yin nama kamar buroila. A ƙasashen Turai an daɗe ana hallaka su tun ranar farko, har Jamus ta hana yin haka daga farkon 2022, yanzu kamfanoni a can suna amfani da na'urorin da ke gane jinsi tun yana cikin ƙwai. A nan ƙasar ba a zubar da su, sayarwa ake yi da araha, don akwai masu son namansu mai tauri. Kuɗin mace ɗaya yakan sayi kokarel da yawa. Wannan tazarar ita ce ƙofar da macuci ke shiga. Waɗannan tsakin da ake rina su kore da shuɗi da ruwan hoda ana tallarsu ga yara, yawancinsu kokarel ne, kuma rinin yana ɓoye launin da za ka gane su da shi.

Haka kuma ana sayar da farin kokarel da sunan buroila, don a ranar farko sun yi kama. Buroila ya fi cika hannu, ƙafarsa ta fi kauri, ƙirjinsa ya fi faɗi, amma sai wanda ya saba yake gani. Mako ɗaya ya isa ya tona asiri. Ɗan tsako yana fitowa da nauyin giram 40 ko kusa da haka. Buroilan da ya ci ya ƙoshi yakan ninka wannan sau huɗu a kwana bakwai, kokarel kuwa ko ninki biyu da ƙyar. Buroila yakan isa yanka a mako 6 zuwa 8, kokarel sai ya yi wata huɗu zuwa shida. Shi buroila ba a damu da raba shi ba, maza da mata duk na nama ne.

Su kuma irin Noiler, da aka samar a garin Awe nan jihar Oyo, launinsu barkatai ne, kuma galibi a gauraye ake sayar da su. Wanda ya sayi irin waɗannan ya sa a ransa rabi maza ne, ya bi alamomin da za mu faɗa yanzu.

KAJINMU NA GIDA: SAI AN YI HAƘURI

Ga kajin Hausa da duk wani gauraye, maganar gaskiya ita ce a kwanakin farko babu mai iya gaya maka da ido. Amma ba sai ka jira cara ba. Ga yadda abin yake tafiya. A riƙa gwada tsakin da 'yan uwansu na ƙyanƙyasa ɗaya, kada a gwada da na wani gida.

Mako 3 zuwa 4: fara duban zanko, watau naman nan da ke tsaye a kai. Na namiji yakan fara tasowa ya fi na 'yan uwansa. Dubi ƙafa kuma, ta namiji ta fi kauri da tsawo. A wannan lokaci zato ne kawai, kada ka sayar, kada ka yanke hukunci.

Mako 5 zuwa 8: nan ne alama mafi ƙarfi take bayyana. Zankon namiji yana yin ja, leɓarsa, watau naman da ke reto a ƙarƙashin baki, ta fara saukowa ita ma ja. Na mace yana nan ƙarami, fari-fari ko rawaya-rawaya, ba zai yi ja sosai ba sai ta kusa fara ƙwai. Saboda haka ɗan wata biyu mai jan kai, kusan kullum zakara ne. A kajin masu launi, in ka ga jan gashi mai duhu yana fitowa a kafaɗar fiffike kamar an ɗiga, shi ma alamar namiji ce. Launin mace ya fi tafiya bai ɗaya.

Mako 10 zuwa 14: ɗauki kazar ka duba gashin wuya da na gadon baya dab da wutsiya. Sa 'yar takarda a ƙarƙashin gashin don ka ga bakinsa da kyau. Na namiji siriri ne mai tsini, yana ƙyalli, in ya ƙara girma ya zubo ta gefe. Na mace bakinsa a zagaye yake, ba ya ƙyalli. Wannan ita ce shaidar da ta fi kowace tabbata kafin cara ko ƙwai. Daga baya sai dogayen gashin wutsiya masu lanƙwasa kamar lauje su fito wa namiji.

Wata 3 zuwa 5: cara. Takan fara da wata shaƙaƙƙiyar murya mai ban dariya. Wani yakan fara tun yana wata biyu, wani kuma in akwai babban zakara a gidan sai ya yi shiru don tsoro. Rashin cara ba shaidar mace ba ce.

Akwai alamomi biyu da ke yaudara. Ɗaya ƙaimi. Maza da mata duk suna da ɗan tsiron nan a bayan ƙafa tun suna ƙanana, na namiji ba ya yin tsawo sai ya haura wata shida, kuma ana samun tsohuwar kaza mai ƙaimi. Ɗayan kuma faɗa. In ka ga biyu sun tayar da gashin wuya suna karo da ƙirji, ba lalle maza ba ne, mata ma suna yi don a san babba. Ƙa'idarmu ita ce kada a dogara da alama ɗaya. In uku suka haɗu, zanko da ƙafa da gashi, to ka samu.

Ba mu manta da tambayar da wata Hajiya ta aiko mana ba, cewa kazarta da ta daɗe tana ƙwai ta daina, kanta ya yi ja, har ta fara cara, mutanen gida suna cewa mugun abu ne. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kaza da mahaifar ƙwai ɗaya take aiki, ta hagu. In ciwo ya lalata ta, sai ta dama da ke kwance ta farka ta riƙa fitar da sinadarin maza, shi ne sai kazar ta ɗauki siffar zakara. Ba ya faruwa da yawa, amma sananne ne a wajen likitocin dabbobi. Ba ta jawo wa gida komai, sai dai ƙwai kam an gama.

TO, IN MUN GANE, SAI ME?

In ƙwan ci ko na sayarwa kake so, ba ka bukatar zakara ko ɗaya. Kaza tana yin ƙwai ko babu shi, ƙyanƙyasa ce kawai ba za a samu ba. In kana son ƙyanƙyasa, zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Zaɓi mai lafiya, mai faɗin ƙirji, kuma ka riƙa musanya shi da na wani gida don kada ya riƙa bin 'ya'yansa.

Sauran mazan a ware su tun suna wata biyu, a yi musu lissafin kasuwa. Mai son ya sayar da kokarel a ƙarshen Disamba, ya saye shi a Yuli ko Agusta. Mai nufin Sallah ya ƙirga wata biyar baya. Kada a manta da rigakafin cutar nan mai share akurki lokacin hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin maganin rigakafinta, akwai kuma na wasu kamfanoni a shagunan magungunan dabbobi. Wahalar banza ce ka gane mace da namiji sannan cuta ta kwashe su gaba ɗaya.

Game da masu ƙwai, a san abin da za a sa rai. Ta gidan gona takan fara a mako 18 zuwa 20, in ta sami abinci da kulawa ta yi wajen 300 a shekara, amma ba ta cika yin kwanci ba. Ta Hausa sai ta kai wata shida ko fiye, ta yi goma ko sha biyu ta kwanta a kansu, a shekara ta yi 40 zuwa 60. Kowace da ranarta. Akwai kuma irin da aka inganta a ƙasar nan, kamar Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona da ke Abeokuta.

Wanda kuma zai sayi budurwar kaza da aka ce ta kusa ƙwai, ya laluba ƙasusuwa biyun nan da ke gefen dubura. In yatsa ɗaya ne ke shiga tsakaninsu, da saura. In biyu ko uku suka shiga, ta fara ko tana dab da farawa.

SHAWARWARIN KWAMITI

Na ɗaya, a daina sayen tsaki a hannun wanda ba a san shagonsa ba, komai arahar. Araha ba ta ado.

Na biyu, tunda kwali ɗaya tsaki 50 ne, kuma ba kowa ke da wurin 50 ba, masu bukata su rubuta sunansu wajen sakatare. In an cika kwali, mutum biyu daga kwamiti su je wajen dillalin da aka sani, su karɓo rasit mai ɗauke da irin tsakin da ranar ƙyanƙyasa, a zo a raba.

Na uku, a buɗe kwali a gaban mai sayarwa. Masu ƙwai ja, a ga ja. Masu ƙwai baƙi, a duba kai. Wanda aka rina, a bar masa kayansa.

Na huɗu, duk wanda yake da tsaki 'yan mako shida zuwa sama yana shakka, ya aiko yaro ya kira mu. Ba ma karɓar ko kwabo.

Na biyar, muna roƙon shugabanni su duba lamarin uwar marayun nan. Zakarunta suna nan, mun ba ta shawara ta riƙe su zuwa lokacin da za su yi kuɗi. Abin da ya gagare ta shi ne abincin da zai kai su can. In kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko mudun dusa ne, sannan muka yi alkawarin saye a hannunta in sun isa, za ta fitar da uwar kuɗinta, ta sake farawa da mata na gaskiya.

Mun kawo kwali biyu suna nan bakin ƙofa, ɗaya 'yan kwana biyu ne ja da fari da baƙi, ɗaya kuma 'yan mako bakwai na gida. In an tashi kowa ya tsaya ya ɗauka ya duba da hannunsa, don gani ya kori ji. Iyayenmu mata su fara, tunda su ne masu kiwon. Yara kuma a riƙe su, kada a matse mana tsaki.

 Inda muka yi kuskure a gyara mana, wanda yake da tambaya kuma ga fili. Allah Ya sa albarka a abin da muke kiwo, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.